Bakin Saniyar Kyauta

Har yau in na ji mutum ya gyara murya ya ce, "Bature ya ce," sai in ji raina ya ɓaci. Ba Baturen na tsana ba, me ya yi mini, ko a hanya ba mu taɓa gamuwa ba. Wanda ya ɓata mini maganar ɗan kawuna ne, taubashina, malamin Turanci a wata sakandare ta Boɗinga. Ni ma malamar makaranta ce, a firamare nake koyarwa, kuma duk karin maganar Turawan da yake ja mana baki da su na karanta su a aji kamar yadda ya karanta. Bambancin kawai, ni na bar su a makaranta, shi kuwa ya kwaso su ya maida su Hausa, yana yanka wa mutane a wurin suna da wurin ta'aziyya.

A Dandin Mahe muka tashi, gidan kawu da namu katanga ɗaya. Wasan taubasai kuwa mun yi shi har ya gaji da mu. Shi ɗan namiji ne, ni ɗiyar mace, don haka baiwarsa yake kirana, ni kuma in ce ubangidan da ba shi da ko takalmin kirki ban ga amfaninsa ba. Kowa ya san dokar wasan: taubashi ya faɗa maka duk abin da ya ga dama, a gaban kowa, kai dai naka dariya. In ka ɓata rai, kai ka ji kunya, ba shi ba. A haka muka girma, kuma wallahi a lokacin ina son shi kamar wanda muka sha nono ɗaya.

Da ya dawo daga kwaleji da karin maganarsa, abin dariya ya zame mana. Inna tana tsugune gaban akurki tana faɗin abin da za ta yi da 'yan tsaki in kazarta ta sauka daga kwanci, sai ya leƙo ta kan katanga ya ce, "Gwaggo, Bature ya ce kar a ƙidaya 'yan tsaki kahin a ƙyanƙyashe."

Inna ta ce, "Kai, Baturen ga dai ya san kaza."

Tsofaffi suna jin daɗinsa. Gani suke yaro ya je ya ɗebo hikimar wasu mutane ya kawo musu har gida, ba su ko biya kuɗin mota ba. Babu wanda ya lura cewa karin maganar kullum a gefensa take faɗowa.

Inna tana da shanu 'yan kaɗan da ta samu daga uwarta, ita ma daga tata uwar. Shanun mata ne, ba sa shiga rabon maza, ana ba da su tun da rai, daga uwa sai ɗiya. Alamarsu ɗaya, a tsaga kunnen hagu biyu tun suna 'yan maruƙa. Suna cikin garken kawu, wanda wani makiyayi yake riƙe da shi a dajin da ke wajen Mandera. Fari da ciwo da hidimar duniya suka cinye su, har ya rage karsana guda, fara sol, mai baƙin tabo a kan hanci. Ranar sunan ɗiyata ta fari inna ta sa aka kawo ta har ƙofar gida, ta kama hannuna ta ɗora a bayanta ta ce, "Wagga taki ta. In jaririyar ga ta girma, ki ba ta ɗiyarta, yadda anka ba ni, yadda nib ba ki. Kar ki bari iri shi yanke a hannunki." Daga nan aka maida karsanar garke.

Kawu ne ya fara rasuwa, garke ya koma hannun taubashina. Ba a daɗe ba inna ta bi shi. A lokacin ina aure a Boɗinga, dangin maigidana kuma suna da nasu shanun a Dingyaɗi, sai na aika cewa ina son a kai karsanata can, inda zan riƙa ganinta. Kwana kaɗan sai ga malam taubashin nawa ya yi sallama, fuska a murtuke kamar wanda ya zo faɗin mutuwa. Ashe mutuwar ya zo faɗa. Wai karsana ta faɗa gonar wani ta ci gyauron dawa, cikinta ya kumbura, kafin a kawo wuƙa ta cika.

Na yi kuka kamar a ranar inna ta rasu. Yana zaune yana kallona, da ya ga na ɗan lafa sai ya ce, "Haba baiwata, Bature ya ce ba a kuka kan nonon da ya zube. Ki share hawayenki. Ba ni barinki hannu wohi."

Ranar sadakar arba'in ɗin inna, ƙofar gidanmu ta Dandin Mahe ta cika da maza, mu mata muna ciki muna rabon waina. Ana gama addu'a sai muka ji kukan saniya. Na leƙa ta kafar zana. Wata jibgegiyar jar saniya ce aka ja har gaban tabarmi, jikinta sai sheƙi yake yi. Taubashina ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya ce jama'a su shaida, karsanar marigayiya Allah ya karɓi abinsa, amma shi ba zai ga ɗiyar gwaggonsa cikin hawaye biyu ba, ya ba ta wannan kyauta daga garkensa. Wuri ya ɗauka da "Madalla" da "Allah shi yi albarka."

Baffana, ƙanin mahaifina, tsoho ne da ya ƙare rayuwarsa a kasuwar shanu, ba ya iya ganin dabba bai duba haƙoranta ba, ko ta wani ce. Ya tashi a hankali, ya dafa wuyan saniyar, ya kai hannu zai ja leɓenta ƙasa. Sai malam ya ɗaga murya, yana murmushi.

"A'a, baffa! Bature ya ce ba a duba bakin dokin kyauta."

Aka bushe da dariya. Wani ya ce, "Gaskiya tai, kyauta ai ba ciniki ba ta." Baffa ya tsaya da hannunsa a sama kamar an kama shi da sata, sannan ya sauke, ya koma mazauninsa yana cewa, "Haka na, haka na." Mata suka yi ta shigowa suna yi mini barka, wai na yi sa'ar ɗan'uwa. Ni kuma, sakarya, da jama'a suka watse na fita har zaure na durƙusa gwiwa biyu na yi masa godiya. Cikin duk abin da ya faru, durƙuson nan shi ya fi ci mini rai, har yau in na tuna sai in ji gwiwoyina suna zafi.

Aka kai jar saniya Dingyaɗi. Da kaka lafiya lau, akwai harawa mai laushi. Bazara na shigowa asiri ya fara tonuwa. Sauran shanu suna gurgurar karan dawa, ita sai ta naɗo da harshe, ta juya, ta juya, ya zubo ƙasa. Ƙibar da aka tara mata da dusa da kanwa don ranar nuni ta zube, haƙarƙarinta suka fito ana iya ƙidaya su daga nesa. Wan maigidana ya buɗe bakinta, ya aiko a kira ni in gani da idona. Saniya dama haƙoran gaba a ƙasa kawai take da su, kuma da su ake sanin shekarunta. To wannan babu komai a wurin sai 'yan guntaye baƙaƙe da suka cinye har dasashi. Ta daɗe da daina haihuwa. Kafin ruwan fari ya sauka ta kwanta ta kasa tashi, aka yi sauri aka yanka. Naman kuwa, itace ya ƙare bai nuna ba.

Kan aka aiko mini. Na dafa shi, na raba wa maƙwabta, amma muƙamuƙin ƙasa na cire shi, na kankare, na shanya a kan rufin kicin har ya bushe ƙayau. Na naɗe shi a wani tsohon zanen inna na saka a ƙasan akwati. Maigidana ya ce, "Mi za ki yi da ƙashi?" Na ce ajiya ce. A lokacin ni kaina ban san amfanin da zai yi ba, na dai san ba zan jefa wa kare shi ba.

Duk da haka, zato nake rowa kawai ya yi mini, ya zaɓo mafi lalacewa ya ba ni. Sai da damina ta zagayo. Ina cikin motar haya zan je Shagari gaida wata ƙawata da ta haihu, muka iske garke yana tsallaka titi kusa da mararrabar Mandera, direba ya tsaya. Ina kallo ta taga, sai ga farar saniya mai baƙin tabo a hanci, kunnen hagu a tsage biyu, ɗan maraƙi yana bin ta. Innalillahi! Na ce wa direba ya buɗe mini, ya ce ba mu iso ba, na ce ni na iso. Na sha gaban makiyayin, wanda na sani tun ina yarinya, na ce, "Wagga ba ita ta mutu da gyauro ba?" Ya dubi ƙasa, ya dubi sandarsa, ya ce, "Ki tambayi mai shanu." Ya kora abinsa ya wuce.

Ban je barkar ba. Na tsallaka titi na tari motar Boɗinga, ban zarce ko'ina ba sai gidan malam. Na same shi a tsakar gida yana shan shayi. Na faɗa masa abin da na gani. Ya yi dariya ya ce fararen shanu sun cika daji, kunne kuma ko ƙaya tana tsaga shi. Na ce da tabon hancin ma ƙaya ce? Sai ya koma wasa, ya ce ai baiwa da abin da ta mallaka duk na ubangidanta ne. Da ya ga ban yi dariya ba, ya ajiye kofi ya ce saniyar daga kakarmu ta fito, kakar nan kuwa uwar ubansa ce, don me iri zai bar gida ya tafi garken wasu a Dingyaɗi? Kuma ai an ba ni madadi a gaban jama'a, na karɓa, na yi godiya.

"Bature ya ce, a bar kare mai barci shi yi barcinai," in ji shi.

Na ce, "Allah ya isa tsakanina da kai. Wallahi sai na rama."

Ya kwashe da dariya har yana buga cinya. "To in ramuwa kike so, ita ma Bature ya yi magana kanta. Ya ce ramuwa abinci ta, ta hi daɗi in ta huce. Tahi gida ki jira ta huce."

Na tafi gida. Na kai ƙara wurin baffa, ya ce shi da bakinsa ya ce "haka na" a gaban mutane, da wane ido zai koma ya ce ba haka ba? Maigidana ya ce ba za a ce matarsa ta kai dangin uwarta gaban alƙali ba, ƙasar kabarin uwar ko bushewa ba ta yi ba, kuma ina shaida? Makiyayi a ƙarƙashin malam yake ci. Gwaggonni suka yi ta sintiri, a yi haƙuri, zumunci ya fi saniya. Har matar malam aka aiko da saƙo, wai in ji shi Bature ya ce jini ya fi ruwa kauri. Kai, jama'a! Mutum ya cuce ka, sannan ya aiko maka da karin magana kamar goron sulhu. Na ce musu na haƙura. Ƙarya nake yi, kuma ban ji nauyin yin ta ba.

Na koma yadda nake. Bikinsu da sunansu ni ce a gaba, in tuƙa tuwo, in yi guɗa. In mun haɗu ya ce baiwata, in ce ubangida marar takalmi, a yi dariya. Shekaru suka yi ta tafiya. Akwai wata mai tallan nono daga rugar makiyayin da take biyowa ta unguwarmu ranar kasuwa, na mai da ita ƙawa, kullum sai na sayi nono ko ba na bukata. Ita take ba ni labari ba tare da ta san tana ba ni ba. Farar nan ta haihu, namiji, an sayar. Ta sake haihuwa, mace. Kowane labari in haɗiye shi da murmushi, in shiga ɗaki in buɗe akwati in dubi ƙashina. Ɗiyata da nake goye da ita ranar da aka yi mini kyautar jar saniya ta yi wayo, ta shiga firamare, har ta kai ajin ƙarshe. Ta ji labari a bakin gwaggonni cewa kakarta ta bar mata saniya, takan tambaye ni ina take. Sai in ce tana kiwo.

A tsawon shekarun nan na yi ta juya maganarsa ta ƙarshe. Mu dai abin da muka sani, ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Shi kuma Baturensa ya ce sai ta huce. Na daɗe ina ganin maganganun biyu ba za su zauna a tabarma ɗaya ba, sai wata safiya ina gaban murhu na gane inda Bature ya tsaya. Bai san ɗumame ba. Tuwo yakan kwana ya yi sanyi ƙalau, da safe a yayyanka shi a maida kan wuta da sauran miya, kuma duk wanda ya taɓa saka hannu cikin ɗumame da gaggawa ya san ya fi sabon tuwo ƙuna.

Ranar ta zo ta hanyar da ban zata ba. Babban ɗan malam ya ga yarinya a Mandera, ɗiyar wani malamin allo mai almajirai da shanu, mutumin da aka sani ko goro ba ya ci sai ya san inda ya fito. A gidansu ba a karɓar sadaki sai karsana, haka suka gada. Taubashina yana son haɗin nan kamar ransa, ko'ina ya zauna sai ya faɗi gidan da ɗansa zai shiga. Don ya burge surukai ya zaɓi karsanar da ta fi kowace kyau a garke. Mai nono ce ta faɗa mini, tana auna mini da ludayi: fara ce sol, ɗiyar mai tsagaggen kunne, kuma da yake ba ta yarda ta yi tafiya ita kaɗai, tare da uwar za a kora su har ƙofar gidan amarya. Na ce ta ƙara mini ludayi biyu.

Na yi tunanin yaron, ba zan ce ban yi ba. Shi bai ci mini komai ba, yarinyar ma haka. Amma ubansa yana da shanu na halalinsa da za su yi sadaki goma, ba sai da jinin saniyar uwata ba. In karsanar nan ta shiga gidan miji a matsayin sadaki, ta tafi ke nan har abada, kuma da hannuna zan yi guɗar tafiyarta.

Rana ɗaya aka sa ta kai lefe da kai sadaki, ni kuwa ina cikin matan da za su ɗauki akwatuna. Na ci ado, na sayi sabon kwano mai murfi, na kwantar da ƙashin a ciki da zanen inna. Na kuma tabbatar an ɗauko baffa, duk da ƙafa ta fara gagararsa, na ce ai ba a yin irin wannan babu tsoho.

Da hantsi muka isa. Mata muka shige ciki, maza suka zauna a tabarmi ƙofar zaure. A gindin dogon yaro aka ɗaure karsanar, uwar tana gefenta tana kora ƙuda da wutsiya, makiyayi yana tsugune kusa da su. Na bari aka gaisa, aka sha fura, aka buɗe akwatuna ana yabawa. Sannan na ɗauki kwanona na fito bakin zaure, na durƙusa daga gefe na gaida uban amarya.

"Allah gafarta malam, ni taubashiyar uban ango ta. Na zo da 'yar gudummawata, ina roƙon izini in miƙa ma ubangidana gaban jama'a."

Maza suka fara murmushi, kowa yana son kallon wasan taubasai. Mai gidan ya ce, "Tsakanin taubasai ba a shiga. Bismilla."

Taubashina ya gyara zama, baki har kunne. "Kun gani? Baiwata ta yi hankali." Ya karɓi kwanon, ya ɗaga murfi, ya warware zanen. Ƙashin ya bayyana, fari fat, da 'yan baƙaƙen guntayen haƙoransa. Ya tsaya yana kallo bai gane ba tukuna, ya ɗago shi kusa da fuskarsa.

Na ce, "A'a, malam! Kar ka duba. Bature ya ce ba a duba bakin kyauta."

Waɗanda suka zo daga Dandin Mahe suka fashe da dariya, don sun san maganar wane ne. Shi kuwa na ga lokacin da abin ya faɗo masa, murmushin ya tsaya a fuskarsa ya ƙi gaba ya ƙi baya. Baffa ya miƙo hannu ya ce, "Kawo nan. Wancan karon an hana ni." Ya karɓa, ya bi guntayen da babban yatsa a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Jar saniyar arba'in ta ke nan. Wagga ai ta girmi ango."

Aka sake dariya, amma wannan karon ba ta yi nisa ba. Uban amarya bai yi ba sam. Ya dube ni ya ce in yi bayani. Na faɗa a taƙaice, ban ƙara ban rage ba: kyautar inna, gyauron dawa, jar saniya, da abin da na gani a kan titi. Na nuna gindin dogon yaro na ce ga wadda aka ce ta mutu can tana kora ƙuda, a duba kunnenta na hagu.

Taubashina ya ce, "Allah gafarta malam, wasa na, wasan taubasai. Kun san halinsu."

Na ce, "To yi dariya mana, ubangida. Wasa ai dariya aka yi mai."

Fushi yana cinsa, gumi yana bin wuyan rigarsa, amma ba dama, dokar da ya ɓuya a bayanta shekara da shekaru ita ta ɗaure shi. Ina kallonsa, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi na ji har cikin ƙashina.

Mai gidan ya yafito makiyayi. Ya ce, "Tsakaninka da Allah, farar saniyar can ta wa ta?"

Makiyayin ya ajiye sandarsa a ƙasa. Sannan ya ce, "Ba a taɓa tambaya ta da Allah ba sai yau. Ta marigayiya ta, ta ba ɗiyarta. Ba ta ci gyauro ba. Karsanar ga kuma ita ta haihe ta."

Matan ciki duk sun taru a bayana. Uban amarya ya ce shi ba zai aurar da ɗiyarsa a kan sadakin da ba na mai bayarwa ba. Yaro ba shi da laifi, magana tana nan, a koma a kawo wata daga cikin halal. Wannan kuwa, da uwarta, da duk abin da ya rage na tsatsonta a garke, a maida wa mai su tun yau.

Ko a nan taubashina bai saduda ba, sai da ya nemi mayafi. Ya miƙe, ya kaɗa hannun riga, ya ce, "Shi ke nan, a kan saniya ba ni ɓata zumunci. Ta ɗauka. Na ba ta kyauta."

Kyauta! Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ratsa gefen tabarmi, da adona da komai, na isa gindin dogon yaro. Ni jikar masu shanu ce, ba a koya mini kama hanci. Na riƙe karsanar, na ja leɓenta ƙasa yadda kowa zai gani. Manyan haƙora biyu sababbi, farare, sauran duk na nono. Na daɗe ina dubawa, da gangan, har sai da na tabbata babu idon da ba ya kaina.

Na ce, "Da kyauta ta, da ban duba ba. Tawa ta."

Da zan wuce ta gabansa na rage murya yadda shi kaɗai zai ji, na ce, "Na jira ta huce, yadda kac ce. Ɗumama ta niy yi." Kwanon kuma na bar masa, ba a maida kyauta.

Da a nan na tsaya, da na koma gida da farin ciki tsantsa. Amma sai na juya wurin uwar. Tun ranar titi ban ƙara zuwa kusa da ita ba. Na dafa bayanta daidai inda inna ta ɗora hannuna, na ji ƙashi. Ta juyo ta shinshine ni, ba ta san ni ba, ina za ta san ni? Hannuna da kansa ya tafi bakinta. Na ja leɓen.

Babu komai sai guntaye baƙaƙe, sun cinye har dasashi, kamar an kwafo su daga ƙashin da ke cikin kwano. Karsanar da inna ta ba ni da haƙoran nono a bakinta, ga yadda aka dawo mini da ita. Duk ƙuruciyarta, da nononta, da 'ya'yanta maza, an cinye su a garken wani ina Boɗinga ina sayen nononta da ludayi. A nan hawaye suka zo mini, a gaban surukai da kowa, ban kuma share ba.

An yi auren bayan sati biyu da wata karsanar, na je na yi guɗa. Sabuwar karsanata tana Dingyaɗi, baffa da kansa ya tsaga mata kunnen hagu, na kama hannun ɗiyata na ɗora a bayanta na faɗa mata abin da aka faɗa mini. Taubashina har yau yana koyar da Turanci, amma an ce ko a wurin ta'aziyya in ya fara "Bature ya..." sai wani ya yi tari, ya haɗiye sauran. Ya aiko gwaggonni neman gafara. Na ce su gaida shi.

Tsohuwar ban kai ta garke ba, ba za ta iya bin shanu ba. Tana nan ɗaure a bayan kicin ɗina. Kowace safiya kafin in tafi makaranta nakan jiƙa mata dusa da ruwan ɗumi har ta yi laushi, in riƙa ba ta da hannu. Takan kama yatsuna da dasashi tana tsotsa. Maigidana ya ce tunda na samu abina ai sai in yafe. Na ce ya zo ya sa hannu a bakinta tukuna.